Yadda za ka zaɓi lasifikar kunne mai bes mai ƙarfi ba tare da kwali ya ruɗe ka ba

Da wuya ka ɗauki kwalin lasifikar kunne ba ka ga an rubuta cewa tana da bes mai girgiza ƙirji ba. Rubutu ai ba ya tsada. Na taɓa sayen wata saboda irin wannan kirari, na koma gida na kunna, sai na ji kamar an kifa wa mawaƙin bokiti a ka. Gunji ya cika kunne, murya ta nutse, ganga da jita sun cakuɗe sun zama abu guda. Ba ƙarya suka yi mini ba, bes ɗin yana da yawa. Ba irin wanda nake nema ba ne kawai, kuma a lokacin ban ma san cewa bes iri-iri ne ba. Saboda haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: ka san irin bes ɗin da kunnenka ke so

Sauti kaɗawar iska ne. Ana auna shi da Hz, wato sau nawa iskar ta kaɗa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000 Hz, kuma abin da ake kira bes shi ne can ƙasan, daga 20 zuwa wajen 250. Amma wannan ƙasan ma hawa uku ne, kowanne da halinsa.

Hawa na can ƙasa, daga 20 zuwa 60 Hz, shi ne rugugi, irin na hadari idan ya taso daga nesa. Ka fi jin sa kamar nauyi a kai fiye da jin sa a matsayin sauti. Mafi kaurin tsirkiyar jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa ne a 41 Hz. Na'urar kiɗan nan ta TR-808 da kamfanin Roland ya fitar a 1980, wadda amonta ya zama ƙashin bayan kiɗan hip-hop har yau, a wannan hawan take zaune. Idan irin wannan kiɗan kake saurare, ko rege, ko amapiano, to rugugi kake nema, kuma shi ne ya fi wahalar samu.

Daga 60 zuwa wajen 150 Hz nan ne naushi yake, wato dukan babbar ganga da kake ji dum, ya zo ya wuce. Yawancin masu cewa suna son bes mai ƙarfi wannan suke nufi, ko da ba su sani ba.

Daga 150 zuwa 250 ko 300 Hz kuwa nan ne ɗumi yake, kuma nan ne ake yin ɓarna. Kaɗan daga cikinsa yana sa kiɗa ya cika ya yi jiki. Idan ya yi yawa sai ya zama taɓo. Dalili kuwa shi ne muryar namiji tana farawa ne daga wajen 85 zuwa 180 Hz, ta mace ta ɗan ɗara haka, ga shi kuma halin kunne ne cewa sauti mai kauri yana danne na samansa. To, ƙara wannan hawa shi ne mafi sauƙi ga mai ƙera lasifika, domin ko ƙaramar lasifika mai rauni tana iya yin sa. Shi ya sa da yawa daga cikin masu kirarin bes nan suke tara shi, rugugin gaske kuwa babu. Abin da ya same ni ke nan.

Ka ɗauki waƙoƙi uku da ka fi saurare, ka tambayi kanka me ke burge ka a cikinsu: rugugin da ke daɗewa a ƙasa, ko naushin ganga. Amsar ita za ta bi ka har ƙarshen wannan zaɓi.

Mataki na biyu: zaɓi siffa

Ƙa'ida ɗaya ce ke mulkin bes a lasifikar kunne: iskar da ke tsakanin lasifikar da dodon kunnenka kada ta sami hanyar gudu. Sauti mai kauri matsin iska ne da ke hawa da sauka a hankali, idan akwai ƙofa komai ƙanƙantarta, matsin ya zurare kafin ya isa gare ka. Ka riƙe wannan, sauran bayanin duk rassansa ne.

Iyafis mai bakin roba da ke shiga cikin ramin kunne ya toshe shi, shi ne sarkin rugugi idan ya zauna daidai. Mutane suna mamakin yadda abu mai girman ƙwayar wake zai kai 20 Hz, alhali sirrin shi ne iskar da yake turawa 'yar mitsitsiya ce kuma a rufe take. Iyafis marar roba, wanda ke rataye a bakin kunne kawai, ba zai taɓa yin haka ba komai tsadarsa. Yana iya ba ka ɗan naushi, amma can ƙasa fayau yake. Haka ma waɗanda ke tura sauti ta ƙashin gefen fuska su bar kunne a buɗe. Suna da amfaninsu ga mai gudu a titi, amma mai neman bes ya wuce su.

Manyan hedifon da ke rufe kunne gaba ɗaya kashi biyu ne: masu rufaffen baya da masu buɗaɗɗen baya, waɗanda za ka ga raga a bayansu. Masu raga suna da sauti mai fili da iska, ƙwararru na son su sosai. Sennheiser HD 600 misali ne da aka daɗe ana yabo saboda tsabtar murya, amma sananne ne cewa can ƙasan bes ɗinsa yana raguwa. Kai mai neman nauyi, rufaffen baya za ka duba. Akwai kuma matsakaita da ke zama a kan kunne ba su kewaye shi ba. Waɗannan sai sun matse ka kafin bes ya zauna, bayan awa guda kuma kunne ya fara zafi. Ni dai ba na ba da shawararsu ga mai dogon saurare.

Akwai wani rukuni na daban, irin Skullcandy Crusher, da aka sa wa abin da ke jijjiga a kai tare da maɓallin ƙarawa da ragewa. Wannan jijjiga ce ta jiki, ba tsantsar sauti ba. Wasu suna mutuwar son ta, wasu minti goma ya ishe su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma kada ka saya ba ka ɗora a kai ba.

Mataki na uku: zaman lasifikar a kunnenka

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne tasiri. Lasifika ɗaya tak, mutum biyu su saka, ɗaya ya ce bes ya yi masa yawa, ɗaya ya ce babu komai, kuma duka gaskiya suke faɗa.

Idan iyafis ne, a cikin kwalin za ka tarar da bakunan roba, galibi ƙarami da matsakaici da babba. Kada ka tsaya kan wanda ya zo a maƙale. Gwada duka ukun, kowane kunne daban, domin ba mamaki ramin kunnenka na dama ya fi na hagu faɗi. Wajen sakawa, ka kama saman kunne da ɗaya hannun ka ɗan ja sama da baya, ramin zai miƙe, sai ka tura a hankali kana ɗan murzawa. Alamar ya zauna ita ce ƙarar waje ta ragu nan take, kuma idan ka yi magana ka ji muryarka tana amsawa a cikin kanka. Ka kunna kiɗa, ka danna iyafis ɗin ciki da yatsa. Idan bes ya ƙaru da ka danna, ya gudu da ka saki, to robar ta yi maka ƙanƙanta. Ana kuma sayar da bakuna na soso, waɗanda ake matsewa a saka su kumbura a ciki. Sun fi toshewa, sai dai suna saurin lalacewa kuma suna ɗan rage siririn sauti.

Idan babban hedifon ne, matashin da ke kewaye da kunne shi ne komai. Na fata ko na roba mai kama da fata ya fi riƙe iska, na yadi mai laushi ya fi sanyi amma yana barin bes ya zurare. Mai sa tabarau ya gwada da tabaraunsa a fuska, domin ƙafar tabarau mai kauri tana ɗaga matashin ta buɗe ƙofa, bes na can ƙasa ya ragu sosai. Gashi mai yawa a gefen kunne ma haka yake yi. Ka juya kai hagu da dama, ka buɗe baki kamar mai hamma, ka ji ko sautin yana canzawa. Idan yana canzawa, siffar hedifon ɗin ba ta dace da kanka ba, kuma babu wani saiti da zai gyara wannan.

Mataki na huɗu: karanta kwali da idon basira

Lambar da aka fi yin ado da ita ita ce girman 'yar lasifikar ciki, wadda masu sana'ar ke kira direba. Manyan hedifon galibi milimita 40 ne zuwa 50, iyafis kuwa daga 6 zuwa wajen 12. Babba tana iya tura iska mai yawa, gaskiya ne, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Mai milimita 40 da aka tsara da kyau tana kayar da mai 50 da aka yi wa aikin gaggawa. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne nau'in. Wadda ake kira dainamik, mai maganaɗisu da nannaɗen waya da tantani kamar fatar ganga, ita ce ta fi ba da naushi mai nauyi. A iyafis akwai wani nau'i ƙarami da aka fara amfani da shi a na'urar taimaka wa ji, mai tsabtar sauti amma bes ɗinsa ba shi da jiki sosai, shi ya sa wasu kamfanoni ke haɗa nau'i biyun a iyafis ɗaya, dainamik ta ɗauki bes. Nau'in filana kuwa, mai shimfiɗaɗɗen tantani tsakanin jerin maganaɗisu, yana kaiwa can ƙasa a tsabtace, amma yakan yi nauyi a kai.

Sai lambar da ke cewa, misali, 5 Hz zuwa 40,000 Hz. Wannan kusan ba ta gaya maka komai. Ba ta faɗi da wane ƙarfi lasifikar ke fitar da 30 Hz ba, ko da ƙarfin da za ka ji, ko kuwa kamar raɗa. Ka wuce ta.

Wadda za ka tsaya a kai ita ce ta ohm, wato ma'aunin yadda lasifikar ke turje wa lantarki, tare da lambar da ke nuna yawan ƙarar da lasifikar ke bayarwa da ɗan ƙaramin lantarki. Idan da wayar salula za ka saurara kai tsaye, nemi mai ohm 16 zuwa wajen 40, kamar Audio-Technica ATH-M50x mai ohm 38. Beyerdynamic DT 770 Pro tana zuwa da ohm 32 da 80 da 250, suna ɗaya, kamanni kusan ɗaya. Wanda ya ɗauki mai 250 ya soka a waya zai ji sauti ƙasa-ƙasa ba kuzari, ya ɗauka kayan ne ba su da kyau, alhali amfilifaya suke buƙata, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani ba ya kan kwali. Shi ne zanen da masu auna lasifika ke wallafawa a intanet, wanda ke nuna ƙarfin kowane hawan sauti daga hagu zuwa dama. Rubuta sunan lasifikar ka nemi zanenta, sai ka kalli ɓangaren hagu, inda bes yake. Abin da kake so shi ne layin ya ɗaga daga 20 zuwa wajen 100 Hz, sannan ya gangaro kafin ya kai 200. Idan ka ga tudun ya tsaya a kan 150 zuwa 250, can hagu kuma layin ya faɗi, to bokitin nan ne. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, inda aka sa mutane saurare ba tare da sun san wace lasifika suke ji ba, ya nuna cewa yawancin mutane sun fi son a ɗaga bes a ƙasa da wajen 100 Hz, kuma a iyafis sun fi son a ɗaga shi fiye da a babban hedifon. Son bes ba jahilci ba ne, kamar yadda wasu masu ji da kansu ke nunawa. Inda aka ajiye shi ne magana.

Mataki na biyar: mai igiya ko Bluetooth

A nan ba sai mun daɗe ba. Za ka ga sunaye irin SBC da AAC da aptX da LDAC, hanyoyin matse sauti ne kafin a aika shi ta iska. Bambancinsu, idan ma ka ji shi, a siririn sauti yake, bes ba ya cin wuri a cikinsu. Kada ka ƙara kuɗi saboda su da sunan neman bes.

Abin da ke da tasiri shi ne fasahar kashe ƙarar waje. Gunjin mota da jirgi da injin duk a hawan bes suke, su ne kuma ke cinye bes ɗin kiɗanka a hanya. Wannan fasaha a daidai wannan hawan ta fi aiki, don haka mai yawan tafiya zai ji bes ya fito sarai ba tare da ya ƙure murya ba. Sai dai ka gwada da ita a kunne da kuma a kashe, domin wasu lasifikun sautinsu yana canzawa sosai. Ka kuma tuna batir yana tsufa, mai igiya kuwa ba ruwanta da caji.

Mataki na shida: gwaji

A wannan harka ji ne ya kori gani. Ka tafi da wayarka da waƙoƙin nan uku da ka san su kamar yunwar cikinka. Ka haɗa da guda mai rugugi mai zurfi, da guda mai saurin bugun ganga, da guda wadda murya ce a gaba kayan kiɗa kaɗan. Kashe duk wani saitin ƙara bes da ke wayar kafin ka fara.

Fara da murya ƙasa-ƙasa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane hawa daidai wa daida. Ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, sautin 30 Hz kuwa sai ya kai kusan desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) kafin ma a fara jin sa. Ma'ana, kowace lasifika idan aka ƙure ta za ta yi kamar mai bes. Ta ƙwarai ita ce wadda nauyinta ke nan ko da murya tana matsakaici. Saboda wannan dalilin ne kuma idan kana gwada biyu, dole ka daidaita ƙararsu, in ba haka ba wadda ta fi ƙara ita za ta yi nasara ko da ba ta cancanta ba.

A waƙar rugugi, saurari ko kana iya bin hawa da saukar bes ɗin kamar yadda ake bin murya, ko kuwa amo ɗaya ne ke ta maimaituwa buu buu. A waƙar ganga, saurari ko kowane bugu yana tsayawa kafin na gaba ya shigo. Bes mai jan ƙafa yana haɗe bugun ya zama gunji. A waƙar murya, ka tabbata kana jin kalmomi ba tare da ka kasa kunne ba. Daga nan ka ɗan ƙara murya na daƙiƙu kaɗan, ka ji ko akwai karkarwa ko tsatsa a ɗaya gefen. Ana samun sautin gwaji a intanet da ke hawa daga 20 Hz zuwa 200, minti ɗaya da shi zai nuna maka inda lasifikar ta fara magana da kuma ko gefe biyun ƙarfinsu ɗaya.

Idan da hali, bar ta a kai minti goma sha biyar. Bes mai yawa yana burgewa a minti biyun farko, gajiyarsa daga baya take zuwa. Idan ta intanet za ka saya, ka tabbata akwai damar mayarwa, ka kuma yi hattara da jabu, domin sanannun sunaye su aka fi kwaikwayo, kwali sak, ciki kuwa wayam.

Wani abu da ke rikita masu igiya: idan ka ji murya da bes sun ɓace, kiɗa ya koma kamar daga rijiya, duba ko kan igiyar bai shige ramin har ƙarshe ba. Bes da murya a tsakiya ake ajiye su, idan haɗin bai cika ba su ne ke soke juna.

Mataki na bakwai: ikwalaiza

Yawancin lasifikun Bluetooth suna da manhajarsu mai ikwalaiza, wato wurin da ake ɗagawa ko sauke kowane hawan sauti, manhajojin sauraron kiɗa irin Spotify ma suna da ita. Ra'ayina shi ne gara ka sayi mai tsabtar sauti da ke kaiwa can ƙasa, ka ƙara mata bes da kanka, da ka sayi mai taɓo kana ƙoƙarin wankewa. Ɗaga 60 Hz da abin da ke ƙasansa da desibel 3 zuwa 5, ka bar 125 yadda yake ko ka ɗaga kaɗan, sannan ka sauke 250 da desibel 2. Sau da yawa wannan saukewar kaɗai tana sa naushi ya fito fiye da duk wani ƙari. Ka sani cewa kowane desibel 3 da ka ƙara ninka lantarkin da ake buƙata ne, desibel 6 ninki huɗu, 10 kuwa ninki goma. Idan ka ji sauti ya fara fashewa, ka wuce abin da lasifikar ko wayar za ta iya, sai ka sauke babban maɓallin ƙarar ikwalaizar daidai da abin da ka ƙara.

Mataki na takwas: kunnen da za ka saurara da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10, 92 kuwa awa biyu da rabi kacal a mako guda. Wayoyi da lasifiku da yawa suna haura 100 idan aka ƙure su. Haɗarin mai son bes shi ne yana ƙara murya don ya ji nauyi, amma muryar ba bes kaɗai take ɗagawa ba, har da siririn sautin da kunne ya fi rauni a kansa. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa dawowa. Idan ka cire lasifika ka ji kunne yana ƙara zii, ko maganar mutane ta dushe, ka wuce iyaka a ranar. Wayoyin zamani da yawa suna da wurin da ke nuna yawan ƙarar da ka saurara a mako da kuma saitin taƙaita ta, ka neme shi ka kunna.

Bayan shekara ɗaya ko biyu kana iya jin bes ɗin lasifikarka ya ragu, ka ɗauka ta mutu. Kafin ka yar da ita, duba matashin, wataƙila ya lotse ko ya tsattsage yana barin iska. Hedifon da yawa ana cire matashinsu a sa sabo, kuma yana da kyau ka tambayi wannan tun ranar saye. A iyafis kuwa, cire robar ka duba 'yar ragar bakin, dauɗar kunne tana toshe ta. Busasshen buroshi mai laushi ya isa ya share ta, bakin yana kallon ƙasa don kada dattin ya faɗa ciki.